Zazzaɓin mai ciki da kalsiyam a ƙwaƙwalwar jariri

Baban Nana, Aboabo:
Salamu alaikum. Mai ɗakina na da cikin wata biyar, makon jiya zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita kwana uku. Ta ji sauƙi, alhamdu lillahi. Sai ƙanena ya ce ya karanta wai zazzaɓi yana taɓa kalsiyam a ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Hankalina ya ƙi kwanciya. In shiga kasuwar Kejetia in sayo mata ƙwayar kalsiyam ne?

Ɗalibar jami'ar KNUST, Kumasi:
Yaya, riƙe kuɗinka tukuna. Kalsiyam ɗin ɗaya ne da na ƙashi, amma a ƙwaƙwalwa aikinsa isar da saƙo. Wanda ke wajen ƙwayar halitta ya ninka na cikinta fiye da sau 10,000. Takan buɗe ƙofa ya kwararo, ta sake fitar da shi, a kai a kai kamar bugun kalangu. Salon bugun ke gaya mata ta rabu biyu, ko ta yi ƙaura, ko ta fid da rassa. Shan ƙwayar kalsiyam ba ya taɓa wannan kiɗan.

Abin da ke iya taɓa shi su ne saitokin, 'yan aiken garkuwar jiki da ke yawaita lokacin zazzaɓi. Ɗaya daga cikinsu, IL-1 beta, yana ƙara yawan kalsiyam da ke shiga ta ƙofar NMDA, ɗaya daga cikin irin waɗancan ƙofofin na ƙwayar halitta. A 2007 ɗakin binciken Paul Patterson na jami'ar Caltech a Amurka ya yi wa ɓeraye masu ciki allurar wani saitokin mai suna IL-6 sau ɗaya, 'ya'yan suka taso da sauyin ɗabi'a. Amma fa ɓeraye ne, Yaya, kuma ko da lafiya ƙalau ƙwaƙwalwa na buƙatar saitokin kaɗan don ta ginu.

Hajiya ungozoma, Asawase:
Ɗana, yarinyar nan ta yi maka karatu, ni aiki zan ba ka. Mata nawa na karɓi haihuwarsu bayan irin wannan zazzaɓi, ga 'ya'yan suna makaranta. Kada ta tsallake awo. Daga mako 16 ake ba masu ciki ƙwayar SP ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata, a gabanmu suke haɗiye ta. In jiki ya sake zafi, a ranar za ku je asibiti. Gidan sauron da aka ba ta fa?

Baban Nana:
Hajiya, yana nan cikin ledarsa, ta ce zafi yake sa ta. Yau da kaina zan ɗaura shi kafin magariba.