Haƙori ne ko ciwo? Musayar baitoci daga Gombe

Maman Hanif, Pantami:
Salamu alaikum. Kwana uku ban runtsa ba, ga abin da ke raina.

Ɗana Hanif wata bakwai ya cika,
Miyau na zuba, ya jiƙe riga duka,
Zawo da zafin jiki, dare sai kuka,
Surukata ta ce haƙori ne, a bar shi haka.

Baffa Mai Goro, Dukku:
Abin da babba ya hango daga zaune,
Ko kin hau rimi, 'yata, duhu ne,
Dasashi in ya kumbura, zawo dole ne,
A rataya masa laya, sauran haƙuri ne.

Anti Nas, Jekadafari:
Baffa, ranka ya daɗe, ka saurara,
Haƙori ƙaiƙayi ne da miyau, ba ya ƙara,
A wata shida kariyar da ya samo a ciki ke raguwa, rarrafe ya fara,
Komai ya tsinta sai baki, har da shara.

Maman Hanif, ajiye waƙa ki taɓa maɗigarsa. In ta faɗa, ko fitsari ya ragu, ko ya ƙi kama nono, kada ki jira gari ya waye. Ki dama masa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, yanzu, ki ci gaba da shayarwa.

Ɗan Bolari:
Allah ya biya, Anti! Baiti ɗaya, Dukku ta kwanta.

Malam Mai Alli, Kumo:
A yi a hankali da yabon. Ɗangon Anti na uku ya ninka 'yan'uwansa tsawo, kari ya karye. Baffa kuma ya jera "ne" sau huɗu, wannan ciko ne, ba amsa-amo ba.

Baffa Mai Goro:
Malam mai alli, ƙirga gaɓa aikinka,
Ni da kunne nake awon waƙa, riƙe rularka,
Ke kuma Anti, allurarku ce ta sa jikana kuka,
Ya kwana da zazzaɓi, cinya ta kumbura haka.

Hajiya Tudun Wada:
Ni dai na ce a sayo masa maganin haƙori a kemis, ya samu barci.

Anti Nas:
Hajiya, don Allah a'a. A 2008 wani ruwan maganin haƙori mai guba ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan, ƙodarsu ya lalata. A wanke hannu a murza masa dasashi, ya isa. Baffa, ga taka:

Zafin allurar rigakafi ta Penta kwana biyu ne, yana wucewa,
Baƙon dauro in ya sauka, har ido yake rufewa,
Na riƙe wata yarinya, numfashinta na sarƙewa,
Ba a yi mata ta wata tara ba, uwa na kira, ba amsawa.

Malam Mai Alli:
Allah ya jiƙanta. Amma ɗango na huɗu...

Ɗan Bolari:
Malam, ana maganar rai kana auna ɗango,
Gida na ci da wuta kana gyaran bango,
Kawo naka baitin in ka isa, mu hango,
Ko ka koma Kumo ka yi mana zango.

Malam Mai Alli:
"Mu hango" me? Ka kawo kalma don ta rufe rami. Waƙar da ba a tsara ba ba ta zama a kai, uwa kuwa sai ta haddace take aiki da ita. Don haka nake magana.

Hajiya Tudun Wada:
Ku bar gardama. Ina Maman Hanif? Jiya shiru, yau shiru.

Maman Hanif:
Ku gafarce ni, muna asibiti.

Maɗiga ta faɗa, ido ya shige ciki,
A daren na goya shi, ban tsaya neman izinin suruki,
Leda biyu ta ruwa ya sha kafin ya buɗe baki,
Yau ya kama nono, har ya ja mini zani ya ƙi saki.

An duba katinsa, ɗigon rota, wato rigakafin zawo, na sati 10 da na 14 duk ban kai shi ba, mun yi tafiya lokacin. An ba mu ƙwayar maganin zinc ta kwana 10. Kuma da safen nan na ji abu na gogar cokali, ashe haƙorin ƙasa ne ya leƙo.

Baffa Mai Goro:
Alhamdu lillahi, a shafa mini kansa. Amma kun ji dai, haƙorin ya fito!

Maman Hanif:
Ya fito, Baffa, sai dai ruwan da aka ɗaura masa ne ya tashe shi. Anti, ta baƙon dauro saura wata biyu ko? Na rubuta ranar a bangon ɗaki da gawayi.