Musayar Waƙa: Wa Ya Ci Ribar Fita Titi?

Jikan Tsohon Soja, Nima

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ranar 28 ga Fabrairu ta sake zagayowa, an kai furanni mararrabar Osu da ke Ankara (Accra), babban birnin Ghana, kamar kowace shekara. Ga baitocina, amsa-amo "ya". Mai ƙari ya ƙara, mai ja ya ja, amma da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Salati ga Annabi, shugaban shiriya.

Ku zo mu tuna da 1948,
Da tsoffin soja masu biɗar gaskiya.

Sun yi yaƙin Bama don Ingila,
Suka dawo gida ba aiki ba dukiya.

Fanshon da aka yi musu alkawari
Ya maƙale, gida ba tuwo ba miya.

Suka ɗau takardar koke a hannu,
Fadar Gwamna Creasy suka nufa da tafiya.

Ba bindiga, ba adda, ba gora,
Sai sahu irin na soja da juriya.

A mararrabar Osu aka tare su,
Sufuritanda Imray ya harba ba waiwaya.

Saje Adjetey da Kofur Attipoe,
Da Odartey Lamptey, nan suka bar duniya.

Kakana na cikin sahun a ranar,
Takalminsa ɗaya ya bari a kan hanya.

Shekara tara tsakani aka sauke tuta,
1957 muka sallami mulkin danniya.

To mai cewa fita titi ɓarna ce,
Ya faɗa: wa ya ba mu 'yanci kyauta jiya?

Hajiya Mai Atamfa, Makola

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Sai dai ka tsaya a mararraba, ba ka shigo kasuwa ba.

Ɗana, ka faɗi rabi ka bar rabi,
Rabin da ka bari shi ke ci mini zuciya.

Kafin soja su taka, Nii Kwabena Bonne
Ya ce a ƙaurace wa kayan Turawa gaba ɗaya.

Tun 26 ga Janairu ba mai sayen yadi,
Wata guda cur aka daure, aka sha wuya.

Manyan kamfanoni suka zo teburin sulhu,
Suka yarda su rage riba, kan dole ba soyayya.

Da harbi ya tashi, gari ya kama wuta,
Aka fasa kantin Kingsway da kantunan 'yan Siriya.

Aka ɓalle ƙofar kurkukun Ussher,
Kwana biyar ana wawaso ba kunya.

Mutum 29 aka lissafa sun mutu,
Uku muka haddace, saura wa ya biya diyya?

Ni ma na ga irinta da idona,
Gudu ya taso, tebur ya kife a tsakiya.

Atamfa turmi goma, duk na bashi,
Aka tattake a kwata, ni kuma na biya.

Masu lasifika suka hau mota suka tafi,
Mu masu tebur muka kwana da ɗawainiya.

Ɗalibar Legon, Maamobi

Hajiya, a gafarce ni, zan sauya zuwa ƙwar biyar, amsa-amo "wa".

Hajiya uwata, na ji zafin rashi,
Wanda ya taka miki kaya yana da bashi,
Ranar hisabi ba mai ɗauke masa shi,
Amma mai koke daban yake, a bambanta shi
Da ɓarawon da ya laɓe a rigar talakawa.

Bayan tarzoma aka kama manya shida,
Nkrumah da Danquah aka raba su da gida,
Kwamitin Watson ya bincika ya shaida,
Tsarin mulkin Gwamna Burns ba shi da sauran fa'ida,
Sai ga kwamitin Coussey na sabon tsari, ƙofa tana buɗewa.

A 1950 Nkrumah ya ce a yi yaji duka,
Ba jifa, ba ƙone-ƙone, ba duka,
Aka kai shi kurkukun James Fort, magoya suna kuka,
1951 ƙuri'a ta fito da shi daga ɗaka,
Daga kurkuku sai jagoran gwamnati, ba tsayawa.

11 ga Mayu 1995, kina nan Ankara,
Zanga-zangar Kume Preko ta cika tituna da ƙara,
Kan harajin VAT, 17.5 cikin ɗari, aka fara,
Shugaba Rawlings ya janye shi tun tsakiyar shekara,
Da harajin ya dawo a 1998, kashi 10 aka sa wa kowa.

Uwata, ragin nan ya shiga kowane turmin atamfa da kika sayar. Waɗanda suka sha rana a titi ran nan sun yi miki aiki ba su san sunanki ba.

Malam na Sabon Zango

Allah ya yi muku albarka duka. 'Yata, ki saurara.

'Yata, lissafinki ya fita daidai,
Ki ƙara da rai huɗu da suka faɗi a ciki.

Annabi ya ce mafificin jihadi,
Kalmar gaskiya gaban azzalumin sarki.

Don haka ban ce a kame baki ba sam,
Sai dai kayan maƙwabci haram ne ga mai kirki.

Abin da ke hana ni barci, bayan taro ne:
Wa ke hawa kujera, wa ke jinyar miki?

Nkrumah da ya ɗanɗani James Fort,
1958 ya yi dokar tsarewa ba shari'a, abin mamaki.

Danquah da aka kama su tare,
A kurkukun Nsawam ya cika, 1965, ƙarƙashin wannan mulki.

Akufo-Addo na sahun gaba a Kume Preko,
Shekaru suka juya, ya hau mulki, shi ma ya riƙe makullin ɗaki.

Satumba 2023 matasa suka nufi fadar shugaban ƙasa, Jubilee,
Aka kwashe 49 tun ba su buɗe baki.

2024 kogin Pra ya koma kamar koko,
Masu kukan galamsey, haƙar zinare ba izini, belinsu ya zama aiki.

Tsoron da nake yi wa 'ya'yan zango,
A hau kafaɗarku a haye, a bar ku da rauni a jiki.

Ɗan Fadama

Malam, da izininka. Na bar maka girma, amma akwai fitar da ba ruwanta da kujera. Mu leƙa Kumasi.

Malam, na durƙusa, amma ban gamsu ba,
Mutanen Asawase ba don mulki suka fita ba.

Yuli 2018, samari bakwai na zango,
Aka harbe a yankin Manso Nkwanta, ba a kai su kotu ba.

Aka ce 'yan fashi ne, aka nuna bindigogi,
Uwaye suka rantse, wannan ba halin 'ya'yansu ba.

Matasa suka rufe titi, taya ta ci wuta,
Ban ce hayaƙin taya abin yabo ne ba.

Amma sai da hayaƙi ya tashi aka kafa kwamiti,
Kwamiti ya duba, bai ga hujjar fashi ba.

Aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki,
Aka biya diyya, ko da ba ta dawo da rai ba.

Da an zauna a gida ana Allah ya isa,
Da har yau sunan ɓarayi bai goge daga kansu ba.

A Ejura ma, Yuni 2021, biyu suka faɗi,
Sun fito neman hakkin ɗan'uwa, ba su koma gida ba.

Waɗannan wace kujera suke nema, Malam?
Tura ce ta kai bango, ba jam'iyya ta aiko su ba.

Malam na Sabon Zango

Ɗana, kan na Asawase ba ni da ja. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Tambayata dai tana nan.

Ɗalibar Legon, Maamobi

Ga abin da waɗanda suka gabace mu suka bar mana a rubuce, don kada kowa ya zaci alfarma ake yi mana.

Sashe na 21 na tsarin mulkin 1992,
Ya ba kowa 'yancin taro da fita.

Kotun Ƙoli ta zauna a 1993,
Dokar neman izinin 'yan sanda, ta soke ta.

Dokar 1994 sanarwa kawai ta nema,
Kwana biyar kafin ranar, a rubuta a kai ta.

Lokaci da hanyar bi suna cikin wasiƙar,
Don mai tebur ta sani, ta kwashe kayanta.

Hajiya Mai Atamfa, Makola

Na ji ku duka. Ɗan Fadama, ka sa ni hawaye, ni ma uwa ce. 'Yata, ga sharaɗina.

'Yata, wasiƙar nan ofis take zuwa,
Ba wanda ya taɓa karanta ta gaban teburina.

In za ku fita, ku faɗi rana da hanya,
Ku sami magajiyar kasuwa tukuna.

Ku sa samarinku su tsare bakin layi,
Wanda ya miƙa hannu, ku kama shi da rana.

Kada ku ce ai ba namu ba ne ku wuce,
A inuwarku ya shigo, ya kwashi jarina.

In kan galamsey ne, ruwan nan ni ma nake sha,
Zan kulle rumfa in fito da ƙafafuna.

Zan ɗauko ruwan leda buhu biyu,
Ku jiƙa maƙoshi, ku kai koke har da sunana.

Amma tambayar Malam ba ki amsa ba, 'yata:
Ranar da kuka hau, wa zai hana ku kama jikana?