Katin maki na wane kamfanin jirgi zan buɗe?

Mai Atamfa: Salamu alaikum Alhazai. Bana in Allah ya yarda da kaina zan riƙa zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin, wani lokaci Dubai. Katin tara maki na wane kamfani ya fi? So nake ni ma wata rana a maida ni kujerar bizines, in shiga salon, wato ɗakin hutawar manya a filin jirgi, in miƙe ƙafa.

Alhajin Bagalam: Wa alaikumus salam. Ina kake tashi, Yamai ko Kano?

Mai Atamfa: Duk inda tikiti ya fi sauƙi, Alhaji.

Alhajin Bagalam: To buɗe ShebaMiles na Ethiopian. Suna sauka Yamai, suna sauka Kano, daga Adis kuma ga Guwanzu ga Dubai. Kuma ƙungiyarsu guda da Turkish da EgyptAir, wato Star Alliance, ko ɗayansu ka hau lambarka guda za ka bayar.

Hajiya Mai Lesi: Ni Miles&Smiles na Turkish gare ni don Istanbul nake sari. In ka tara makin mil 40,000 cikin wata 12 ka kai matsayin Elite, shi ne matsayin Gold a Star Alliance. Salon kyauta, har ka shiga da mutum guda.

Baba Mai Taya: Yaro, kafin zancen kamfani, ka san wanda ke yanka maka tikiti. Ni wani mai ajans na riƙe shekara da shekaru, kuɗi kawai nake aika masa daga kasuwa, shi ya turo takarda. Na ba shi lambar katina tun farko ya ce ya sa. Ranar da na tashi neman a ɗaga min kujera, saboda gwiwa ta matsa min, yarinyar kanta ta duba kwamfuta ta juyo min da ita, kusan babu komai ciki. Ashe mutumin bai taɓa shigar da lambar ba. Inda ya shigar kuma, sunan da ya rubuta ya saɓa da na fasfo, makin bai faɗa ba. Aka ce in kawo guntayen katin shiga jirgi a maido min na baya-bayan nan. Ina na gan su? Wasu ma na naɗe goro da su. Abin da ya fi ci min rai, tikitin da yake saya min na can ƙasa ne, irin wanda makinsa kaɗan ne, kuma ko kana da maki ba a ɗaga shi zuwa bizines. Kowane tikiti da harafin ajinsa, ka tambayi harafin kafin ka biya. Ka tsaya a gabansa ya sa lambar, a bakin kanta ka sake cewa a duba.

Ɗan Tibiri: Baba goro da katin jirgi? Allah ya ja kwana 😂

Baba Mai Taya: Kai Bagobiri rufa min baki, ko motar Rimbo ba ka taɓa zama kujerar gaba ba.

Malam na Zariya: Flying Blue na Air France fa? Ina da maki jibge.

Alhajin Bagalam: Air France ba ta sauka Yamai tun 2023, Malam. Ka bincika ma kar makin sun mutu.

Ɗan Tibiri: Royal Air Maroc na ƙungiyar oneworld tare da Qatar tun 2020, amma mai zuwa Sin ya fara yin yamma zuwa Kazablanka? An yi ba a yi ba.

Hajiya Mai Lesi: Ku maza salon kawai kuke hange. Ɗan kasuwa kilo yake nema. Gold na ba ka ƙarin jaka, wannan jakar ce ribar katin. Shayi ko tasha akwai shi.

Malam na Zariya: Hajiya ba ki yi jiran awa takwas a kan kujerar ƙarfe ba ne. Salon akwai wurin wanka a wasu, ga caji, ga abinci.

Hajiya Mai Lesi: Na yi, da goyo ma.

Ɗan Tibiri: Wai in ni na biya wa yarona tikiti makin nawa ne?

Alhajin Bagalam: Na wanda ya zauna kujerar ne.

Ɗan Tibiri: Kenan ni ke ƙoƙarin maida shi Gold? Daga yau ya bi kaya ta Kwatano.

Malam na Zariya: Af, wa ya bi ta Ɗan Isa cikin satin nan? Lafiya lau ake wucewa zuwa Jibiya? Jirgina Kano ne ranar Laraba.

Baba Mai Taya: Ka yi sammako dai.

Mai Atamfa: To Alhazai, Ethiopian ko Turkish?

Hajiya Mai Lesi: Malam, in ka isa Kano zan ba ka saƙo Kantin Kwari, kira ni bayan Magariba.