Neman shawara: ɗalibaina ba sa gane abin da marubuci ya dage a kai

Mai tambaya, yankin Auyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Ina koyar da Hausa a aji biyu na babbar sakandare a wani ƙauye, inda aka dawo da ni bayan na daɗe a ƙaramar sakandare, kuma tun da malamin Turanci ya yi ritaya aka ɗora mini darasinsa. Ajin a cike yake maƙil, yara da yawa ba sa zama sosai sai an gama yankan shinkafa, abin karantawa kuwa sai na kwafe shi a allo. Na kawo musu maƙalar jarida wadda marubucinta ya dage cewa sakin ruwa daga madatsar Tiga ne kaɗai ke jawo mana ambaliya. Da na tambaye su jigon maƙalar, wasu suka ce "ambaliya", wasu suka kwafo sakin layi na farko. Da na nemi hujjar marubucin, sai suka kawo labarin tsohuwar da gidanta ya rushe. WAEC da NECO suna tafe, abin yana hana ni barci. Ku taimaka mini da shawara.

Tsohon shugaban makaranta, Ringim:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba ka raba musu batu da matsaya ba. Ambaliya batu ce, matsayar marubuci kuwa magana ce da wani zai iya tashi ya musanta, saboda haka ka tilasta wa kowa ya rubuta ta a jimla guda. Auna hujja kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin a Islamiyya an koya musu cewa ana duba isnadi kafin a karɓi hadisi. Su tambayi wa ya faɗa, a ina ya samo, kuma ko abin da ya kawo ya isa ya tabbatar da maganarsa. Labarin tsohuwar ya nuna an yi ɓarna, amma bai nuna musabbabi ba. Ban da Tiga da aka kammala a 1974, akwai madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ga kuma ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Marubucin da ya tsallake waɗannan, hujjarsa ta yi rauni.

Malama, Gumel:
Baba, da girmamawa, wannan sai yaron da ya iya karatu. Ana turo mana yara daga firamare suna haɗa baƙi da kyar, sannan idan suka faɗi mu ake zargi. Ni kaina na kai kuka har na gaji. Malam, ka ajiye jarida, ka koma sakin layi guda. Da wane harshe ma aka rubuta maƙalar?

Mai tambaya:
Yaya, yarana suna karatu daidai gwargwado, kuma da gangan na zaɓi ambaliya saboda ta ci gonakin iyayensu. Ban ga dalilin mayar da su baya ba.

Malami, Kazaure:
Ɗan'uwa, abin da ya shafe su kai tsaye shi ne zai hana su auna shi da sanyin rai. Ka nemo tambayoyin auna fahimta da taƙaitawa na shekarun baya kawai. Ni daga aljihuna nake biyan kuɗin buga su, ba wanda ya taɓa mayar mini da ko sisi.

Tsohon shugaban makaranta:
Haddar tsofaffin tambayoyi ce ta kai mu inda muke. Ɗana, ka raba ajin biyu su yi muhawara, kuma kada ka karɓi maganar da ba a nuna layin da ta fito ba.

Mai tambaya:
Baba, na gode, amma na taɓa gwada muhawara, masu baki suka mamaye, 'yan mata suka yi shiru. Tsarina na karatu a allo ba shi da laifi, lokaci ne ba ya isa. Shin akwai wanda ya gwada wannan a aji mai cunkoso irin nawa?

Malama, Gumel:
Har yanzu ba ka faɗi harshen maƙalar ba, Malam.