Musayar Waƙa: Damagaram Ta Cika, Ina Ruwa?

Dattijon Birni:
Salamu alaikum. Zancen wannan mako cikar gari ne. Kowane baiti ya rufe da "wa", wanda zai kawo lissafi kuma ya kawo na gaskiya.

Da can Birni da Zango su ne gari,
Ganuwar Tanimun ta ba Birni tsari,
Yau ga Karkada, ga Sabon Gari,
Garin Malam da Kara-Kara sai ƙaruwa.

Ƙidayar 2001 ta ce dubu 170,
Ta 2012 ta haura dubu 320,
Ku gaya mini, masana sirrin garin,
Daga ina taron nan ke kwararowa?

Malamar Lissafi:
Baba, a gafarce ni, akwai ɗan gyara,
Kafin 2012 iyakar gari an ƙara,
Ƙauyukan gefe aka haɗa aka tara,
Ba duka ba ne baƙi masu shigowa.

Babbar ƙofar ma tana cikin gida,
Binciken 2012 shi ya shaida,
Ƴaƴa 8 da ɗoriya ga mace guda,
Jihar nan ce a lokacin kan gaba wajen haihuwa.

Ƙasa mai ƙaruwar kusan 4 cikin 100,
Shekara 18 ta ninka, ba wani asiri,
Aji da gadon likita in ba a yi shiri,
Yara sai rumfar kara, zama a rairayi ba inuwa.

Direban Tasha:
Malama, kin kawo rabi, ga sauran daga tasha.

Gonar da kaka ya noma shi kaɗai,
Jikoki goma sun yanka ta daidai,
Kafin bazara rumbu ya ƙare sarai,
Wa zai zauna jiran damina da yunwa?

Da an ɗaure damma sai cin rani,
Daga Magarya, Mirya, Matamai, ka gani,
Wani kabu-kabu, wani leburan gini,
Wani dako a Dole, babbar kasuwa.

Na da yakan koma ranar ruwan shuka,
Na yanzu ya kama ɗaki ya aika,
A taho da iyali, a rufe bukka,
Gari ya ƙaru da gida guda, ba komawa.

Wasu zango suka yi, sai Agadas, sai Aljeriya,
A 2013 mutum 92 suka rasu a hanya,
Mata da yaran Kance ne akasari, ba ƙarya,
Mota ta mutu cikin sahara, sai ƙishirwa.

Allah ya jiƙansu.

Mai Gyaran Famfo:
Amin, Yaya. Ƙishirwar tana nan gida ma.

Garin nan bisa falalen dutse ya zauna,
Haƙa duk zurfi, dutse za ka tona,
Shi ya sa ruwanmu a nesa yake kwana,
Ya biyo bututu kafin ya iso unguwa.

Rijiyoyin Gogo da Macaya ta kudu suke,
Na Arunguza da Ganaram ta arewa suke,
Injin turi da kuran, wutar lantarki, yake a farke,
Kuran ya ɗauke, shato, babban tankin ruwa, ya daina cikowa.

Bututun da aka auna wa layi guda,
An yi masa rassa, kowa ya zo ya huda,
Na gangare ya sha, na tudu ya leƙa randa,
Famfonsa iska kawai yake hurowa.

Iskar nan kuwa kada ku raina ta,
Ka bar famfo a buɗe, tana juya mita,
Rufe shi, ka gwada can dare ya yi tsaka ka fita,
Lokacin na gangare sun daina ɗibowa.

Sabuwar unguwa kuma, fili ake fara yankawa,
Bututu sai an shekara ana jiran zuwa,
Wanda ya tare da wuri ya san garuwa.

Hajiya Mai Abinci:
Ɗana, bari in sa maka shi a ma'auni.

Gida mai mutum 10, kowa lita 20,
Sha da girki da wanka, ban da wankin,
Lita 200 ke nan, jarka 8 a jerin,
Mai lita 25, kullum, ba ranar hutawa.

Maris zuwa Mayu kuɗin jarka ya haura,
Mai turo kura ya yi nisa, dole ya ƙara,
Mai famfo a gida shi ke sha da arha, ku lura,
Talakan bayan gari shi ke biyan tsadar ruwa.

Ƴan mata ke kwana a layi da jarka,
Da safe a aji barci ya ɗauka,
Malama, wannan ma ki sa shi a lissafin haihuwa.

Magini:
Hajiya, na rani kenan. Ga na damina, mai cin gida.

Tafkin da ke shanye ruwan unguwa da can,
An cike shi da shara, an sayar da shi nan,
Agusta ta zo, ruwa bai manta gidansa ba, ga shi nan,
Katangar laka ta jiƙa daga gindi, sai zubewa.

Kafin ka biya fili, je ka gan shi da damina,
Nemi turakun siminti huɗu a kusurwa, ka auna,
Lambar fili ta dace da takardar magajin gari, ka zauna,
Fili guda a sayar wa mutum biyu, ana yi, sai dubawa.

Wanda ya sayi gona da shaidar baki,
Ran da aka zo yanka, hanya ta bi ta ɗaki,
Ba shi da takardar da zai kai gaban alƙali ya yi tsayuwa.

Tushe da dutse da siminti, ba da laka ba,
Daɓe ya ɗara titi da kamu biyu, ba ƙasa ba,
Buhu guda bulo 30 zuwa 35, ba 50 ba,
Mai ja har 50, da yatsa bulonsa ke marmashewa.

Mai Gyaran Famfo:
Maigida, ka bar sharaɗi ɗaya a baya,
Bulo yana son ban-ruwa mako guda gaba ɗaya,
Safe da yamma, in ba haka ba ya tsattsage a hanya,
Jarka nawa ka sa wa mai gini a kuɗin ruwa?