Neman shawara: lauya nake son zama, amma Tarihi aka ba ni

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Argungu ce, bara na gama sakandare. Ina son karatun lauya tun ranar da na raka Innata babbar kotu kan rikicin filin shago, na ga ta zauna shiru ana ta Turanci a kan haƙƙinta. Na zana JAMB na ci 221, na cike shari'a, amma da na duba CAPS, shafin da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, sai na tarar an yi mini tayin Tarihi. A WAEC ina da kiredit bakwai, Adabin Turanci ne kawai na samu D7, wadda ba ta kai kiredit ba. Baba ya ce in karɓa, da babu gara ba daɗi. Wani kuma ya ce wa Kawuna a kawo dubu ɗari biyu zai sa sunana a jerin 'yan shari'a. In karɓa, in biya, ko in sake zama?

Lauya daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kina ta kallon 221, alhali D7 ɗin nan ce ta fara kayar da ke. Tsangayar shari'a na neman kiredit biyar, kuma dole Turanci da Adabin Turanci su kasance a ciki, yawancinsu har da Lissafi. Ko 300 kika ci, in babu kiredit a Adabi za a tsayar da ke wurin tantance takardu.

Mai dubu ɗari biyu kuwa, ki ce wa Kawu ya riƙe kuɗinsa. Gurbin shari'a ba kamar na sauran kwasa-kwasai ba ne. Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, saboda duk wanda ya gama digirinsa na shekara 5 sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi kafin a rantsar da shi, ko reshenta na Bwari, ko Bagauda, Yola, Legas, Inugu, Yenagoa ko Fatakwal. In jami'a ta zarce adadinta, ɗalibai ne ke shan wahalar jiran layi bayan sun gama. Kuma duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ba gurbi ba ne a wurin JAMB. Ki yi shekara biyar, ranar tafiya Bagauda ko bautar ƙasa a ce ba a san da ke ba? Allah Ya kiyaye.

Wani ɗalibi daga Jega:
Ki karɓa kawai, in kin shiga aji biyu sai ki nemi canji zuwa shari'a.

Ɗan Yawuri:
Malam na Jega, wannan shawarar aka ba ni, ga ni nan na gama da Kimiyyar Siyasa. Kujerun da aka ƙirga aka cike tun aji ɗaya, wa zai tashi ya ba ta? Ko an buɗe ƙofar, sai mai sakamako na gani na faɗa, kuma D7 ɗinta na nan na jiranta. In za ki karɓi Tarihi, 'yar uwa, ki karɓa don kina son sa. Ba kwas ɗin banza ba ne.

Malamin sakandare daga Gusau:
'Yata, ni malamin Adabi ne, bari in ɗan tsawaita. Abu na farko, ki yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO da ake yi ƙarshen shekara, ki gyara Adabin. Amma kafin ki biya, duba ƙasidar JAMB ki ga ko jami'ar da kike so tana karɓar sakamakon zama biyu a shari'a. In zama ɗaya take so, to duka darussan za ki sake, ba guda ba.

Abin da ke kayar da yaranmu a Adabi na san shi: ba sa karanta littattafan, taƙaitawa suke haddacewa. Sai a ciro layi biyu daga wasan kwaikwayo a ce wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, yaro ya kama cizon biro. Ki nemo littattafan da ke cikin manhaja, na zube da wasan kwaikwayo da waƙoƙi, ki karanta kowanne sau biyu. Na farko don labari, na biyu da biro a hannu. Adon harshe kuma kada ya ba ki tsoro. Ke da kika tashi kina jin waƙoƙin makaɗan fada da kirarin masunta, kin san kamance da siffantawa da zayyana tun kafin ki ji sunansu na Turanci. Sunan kawai za ki koya.

JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. In kika raba, daƙiƙa 40 ke gare ki a kowace tambaya. Don haka ki riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki, kuma a kan kwamfuta, ba a takarda kaɗai ba. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, kada ki bar ko ɗaya fayau. Ki haɗa Turanci da Adabi da Gwamnati, na huɗu ki ɗauki wanda kika fi ƙarfi cikin waɗanda aka amince, galibin yaranmu Addinin Musulunci suke ɗauka. Sannan ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki na NIN sun yi daidai da na WAEC tun kafin a buɗe rajista.

Wata ɗalibar shari'a, aji huɗu:
Ƙari a kan na Malam. Jami'o'in tarayya na raba gurbi kashi 45 don cancanta, 35 don jihohin yankinsu, 20 don jihohin da aka bari baya a boko, kuma Kebbi da Zamfara na cikinsu. Shi ya sa Danfodiyo ta Sakkwato ta fi miki sauƙin lissafi a zaɓin farko, tunda yankinmu ne, kuma ana haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci. Akwai Bayero, akwai ABU a harabarta ta Kongo da ke Zariya. In kin yi Islamiyya da kyau, ranar da aka zo darasin rabon gado za ki gode wa malamanki. IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) ko difloma na iya kai mutum aji biyu kai tsaye, ya yi shekara 4, sai dai kujerun sun fi ƙaranci.

Hajiya daga Gwandu:
Duk kun yi maganar jarrabawa, ba wanda ya yi ta mahaifinta. Ɗiyata, kada ki ja da shi gaba da gaba. Tsoronsa ki zauna gida shekara ta wuce a banza. Ki yi istihara, ki sami Kawun nan naki ki nuna mishi abin da Barista ya rubuta, shi ya roƙa miki shekara guda. Kuɗin da za a ba wancan mutum, ko rabinsu ya isa rajista da littattafai da kuɗin darasi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wallahi ban san D7 ce matsalar ba, a makaranta ba mu da malamin Adabi sai a aji shida. Na tura wa Kawu, ya ce zai zo wurin Baba bayan isha'i. Malam, da waƙoƙin zan fara ko da wasan kwaikwayo?

Malamin sakandare daga Gusau:
Da wasan kwaikwayo. Ki karanta da ƙarfi, ki sa ƙannenki su ɗauki sauran 'yan wasan.