Ana Yi Wa Kare Kuka? Muhawarar Da Ta Tashi A Zauren Danginmu

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri ba ku gan ni a wajen suna jiya a Gwammaja ba, gidan ne ba daɗi. Karenmu Duna ya mutu ranar Talatar waccan. Na fito sallar asuba na tarar da shi a gindin darbejiyar da ya saba kwanciya, ya miƙe ƙafafu, jiki har ya sandare. Shekararsa 11 a hannuna, tun muna sabbin tarewa a Ɗanbare, lokacin daga gidanmu sai gonaki. Bayan kwana takwas ɗan kwikwiyon da muka karɓo don ya gaje shi, shi ma ya bi. Yau kwanan Ummi uku ba ta cin abincin kirki. Ni kaina ba zan ɓoye muku ba, da na gama binne Duna a bayan katanga sai da na shiga mota na yi hawaye.

Kawu: Wa alaikumus salam. Yanzu don Allah saboda kare ka ƙi zuwa sunan ɗan ƙanwarka? Magidanci da furfura a gemu? Ni dai a tarbiyyar da aka yi mana, ba a yi wa kare kuka. Najasa ne, in ya mutu a ja shi a kai bola. Ka leƙa kowane asibiti a garin nan da daddare ka ga bayin Allah da suka rasa kuɗin magani, can hawaye yake da muhalli. Yarinyar ma kai ka koya mata.

Gwaggo: Haba Yaya, ku yi a hankali. Ai sabo ake yi wa kuka. Ni na zauna musu wankan jegon Ummi, kwana arba'in a gidan nan, ba wuta, ba maƙwabci sai kangwaye. Akwai daren da wasu suka ɗora tsani a katanga, haushin karen nan ne ya tashe mu, har ya kama wandon ɗayansu. Da safe muka ga tsumman a ƙasa. Ni da ba na ko kusantar kare, tun ranar nake ajiye masa ƙanzo. Allah Ya mayar da alheri, ɗana.

Kawu: To ga shi nan, har an fara ta'aziyyar kare.

Gwaggo: Jaje na yi, ba ta'aziyya ba. Wanda akuyarsa ta mutu ana yi masa jaje, wanda rumbunsa ya ƙone ana yi masa.

Malam: Kawu, ku gafarce ni in sa baki, don maganar najasa ta taɓo karatu. A mazhabar Imam Malik da muka tashi a kanta, duk abu mai rai mai tsarki ne, har yawunsa da guminsa, kuma kare yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne kawai, ba don ƙazantar jikinsa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya ne suka tafi a kan najasa ne. Saɓani ne sananne, kowa da hujjarsa.

Batun baƙin ciki kuwa, akwai abin da ya fi kama da halin Ummi. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami ana ce masa Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaro ya shiga damuwa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Kiran sunansa ya yi cikin rarrashi yana tambayarsa, ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi? Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Su ne kuma suka kawo mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙo da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lasar ƙasa saboda ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka yi mamaki, aka ce musu a cikin duk mai ɗanyar hanta akwai lada.

Kawu: Na san waɗannan, Malam. Amma ka kawo ɗayan ɓangaren ma. Mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare. Kuma wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum. Ko wannan ba a Bukharin yake ba?

Malam: Yana ciki, Kawu, kuma ba mai musun sa. A ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu ne kullum, a ta Abu Huraira ƙiraɗi ɗaya, amma an toge karen farauta da na kiwo da na gona. Gadin gida ne aka yi saɓani, Imam Nawawi ya rinjayar da halacci bisa ƙiyasi a kan waɗancan ukun. Masu sharhin Risala ma suna kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rubuta hanin ajiye kare a gida da hannunsa, da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Malik, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Duna a tsakar gida yake kwana, gadi yake yi, ba ya shiga ɗaki. Hukuncin ajiyewa daban, zafin rabuwa daban.

Yaya Babba: Ni ina tsakiya. Ban ga laifin hawaye ba, zuciya ba a yi mata dole. Abin da nake tsoro shi ne inda muka dosa. A Nasarawa GRA na ga gidan da ake sayen abincin kare na buhu daga waje, ga almajiri a bakin get yana jiran ɗumame. A Turai har maƙabarta ake yi musu. Sannan kar mu manta, ba kowa ke ganin kare da idon da kake ganin Duna ba. Yaron maƙwabcina a Dorayi karen 'yan farauta ya cije shi a ƙwauri, uwarsa wata guda ba ta yi barcin kirki ba. A wajenta kare abin tsoro ne, kuma tana da gaskiya.

Auta: Yaya, amma gidan Baban Ummi almajirai biyu ne ke da kwano kullum, kun sani. Duna kuwa ragowar tuwo da ƙashi yake ci. Wa ya ce in ka ji tausayin dabba na mutum ya ragu? Kawu, ku ma da tunkiyar nan taku mai baƙin kunne ta mutu wajen haihuwa, yini guda ba ku yi wa kowa magana ba. Ina nan, na gani.

Kawu: Tunkiya halal ce, dukiya ce. Kar ka haɗa.

Auta: Ba kuɗinta ne ya hana ku magana ba, Kawu. Ku kuka rene ta da bulumboti bayan uwarta ta mutu.

Likita: Sai yanzu na fito daga aiki na ga saƙonnin. Sannu Yaya. Shekara 11 tsufa ne a wajen kare, yawancinsu tsakanin 10 zuwa 13 suke yi, ga zafin da ake yi a garin nan ya haura digiri 40. Kwikwiyon ne nake son sani. Ya yi amai? Ya yi zawo da jini mai wari sosai? An taɓa yi masa allura?

Baban Ummi: Duk ya yi. Ranar farko ya ƙi abinci, na ɗauka kewar Duna ce. Washegari amai, sai zawon jini. Ummi ce take ɗiga masa ruwa da cokali, ya haɗiye ya dawo da shi. A rana ta uku ya mutu, kansa a kan tsohon zanin da ta shimfiɗa masa. Allura kuwa ban yi masa ba, kullum ina cewa sai ƙarshen wata. Wannan ne yake cin raina.

Likita: Alamun sun yi kama da cutar fabo. Ƙwayar cuta ce mai cin bangon hanji, ta fi kama 'yan kwikwiyo daga sati 6 zuwa wata 6, kuma rashin ruwa a jiki ne ke kashe su cikin kwana biyu ko uku. Ba maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai har jiki ya yi yaƙinsa. Rigakafin ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ba ta kama mutum, hankalinku ya kwanta game da Ummi. Amma tana daɗewa a ƙasa, watanni har shekara, don haka kar ku kawo wani kwikwiyo yanzu. A wanke siminti da kwanuka da bilic, ludayi ɗaya a ludayi 30 na ruwa, zanin kuma a ƙone.

Maganar Yaya Babba ma gaskiya ce. Haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, kuma in alamu suka bayyana kusan ba a tashi. Duk mai kare ya yi masa allura a wata 3, ya riƙa sabuntawa duk shekara, a Vom ta jihar Filato ma ana haɗa ta. Wanda aka ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Kawu: Wannan na likita na karɓa. Amma ina nan a kan bakana, suna ya fi kare, kuma ka je ka ba ƙanwarka haƙuri. Yarinyar kuma ba ni ita a waya bayan magariba.

Baban Ummi: Zan je gobe in sha Allahu, Kawu, na yi kuskure a nan. Zanin ne ban san yadda zan raba ta da shi ba, ta ninke ta sa a ƙarƙashin katifa. Kwanon Duna ma yana nan a gindin darbejiya, na kasa ɗagawa.

Gwaggo: Bar mini zanin, ni zan karɓa a hannunta. Ka kawo ta nan Yakasai ranar Juma'a ta kwana biyu, akuyata ta haifi biyu, ta zo ta zaɓi ɗaya.